Ƙwaryar Goggo a Gidan Gaba

Ɗan goggona direba ne, kuma tun da nake ban ga mutumin da ya yarda da kansa kamarsa ba. Taubashina ne, saboda haka ina da damar faɗa; in yana da ja, ya san ƙofar gidana. A hannun uwarsa na tashi a Birnin Kudu, gida ɗaya, tukunya ɗaya, ina ce masa bawana yana ce mini baiwarsa.

Shekarun da kuɗin mai suka fara yawo a ƙasar nan, har mai tallar goro ya ɗaura agogo, wani Alhaji ya damƙa masa babbar mota mai bodin katako. Yakan ɗauko gyaɗa da dawa daga Gwaram ya kai Kano, ya komo da siminti da kwanon rufi. Tun daga ranar tafiyarsa ta canja. Mukulli ba ya shiga aljihu, sai dai a yatsa yana juyawa, ko masallaci za shi.

Shi ne ɗan farin Goggo. Mu kuwa, ko da yake Fulatanci ya bar bakinmu tun zamanin kakanni, kunyar ɗan fari ba ta bar mu ba. Goggo ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tuwo ya sauka sai ta ce da ni, "Ki gaya wa wancan abinci na nan," alhali wancan yana zaune a gabanta, ƙafarsa na taɓa tabarmarta. Ni ce wayarsu. Abin yana cin ransa ko da ba ya faɗa. Ya kawo atamfa, ya kawo fitilar ƙwai, yana jiran ranar da za ta ɗaga kai ta ce masa sannu, amma kullum amsar ta hannuna take biyowa: "Ki ce an gode."

Abu ɗaya Goggo take ji da shi a duniya, wata babbar ƙwarya da ta gada wurin uwarta. Shanunmu sun ƙare a shekarun fari, aka dawo gari, ita kaɗai ta rage daga kayan ruga. Zagayayya ce kamar an auna ta, bayanta ya yi jawur saboda shafa. Ta taɓa tsagewa daga baki, gyartai, wato mai ɗinkin ƙwarya, ya ɗinke ta da ɗinki mai tudu kamar tsawon yatsa. Tana rataye a ragaya, ba mai taɓa ta. Goggo ta riga ta faɗa gaban kowa cewa ranar da za a kai ni ɗakin miji, ƙwaryar ce za ta hau saman jerena.

Sai bawana ya sayo rakoda da lasifika biyu. Ya ɗaure su da waya a bayan kujera, amma da injin ya tashi sai su kama karkarwa, mai waƙar ya koma kamar yana kuka a cikin rijiya. Wani mai gyaran jikin mota a Kano ya ce maganin abin a yi musu gida na faiba. Ya sayar masa da wani farin ƙyalle mai ƙaiƙayi, da gwangwanin gam mai wari, da ƴar kwalbar da ake ɗiga wa gam ɗin ya daskare. Ya ce ya nemi abu mai zagaye ya kife, ya shafa masa mai sosai, ya shimfiɗa ƙyallen a kai ya shafe da gam. In ya bushe ya ciro shi, ga gidan lasifika. Bawana ya zaga kasuwa ya ce duk ƙoren da ke ciki karkatattu ne, ba su dace da motarsa ba. Goggo kuwa ta tafi suna Fagam, wurin ƙanwarta.

Na dawo daga kitso na tarar da tsakar gida na wari, kaji sun gudu maƙwabta. Ga shi tsugune yana susar hannu har gwiwa, ga wani abu kife a gabansa an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Na dubi ragaya ta ƙofar ɗaki, wayam.

"Kwantar da hankalinki, baiwa," in ji shi. "Aro na yi. Yanzu zan ciro ta, ko ƙwarzane babu. Na shafa mata mai."

"Wane man?"

Ya nuna mini galan da tiyo. Fetur. An ce masa mai, shi kuma a kansa duk duniya mai ɗaya ne, wanda ake zuba wa mota. Yarinyar da ba ta iya ɗaura zani ba ta san man shanu ake shafa wa ƙwarya, ko na gyaɗa in babu. Fetur ɗin ya bushe tun kafin ya gama yanka ƙyalle, ya kuma wanke maiƙon shekara da shekaru da zai iya cetonta. Gam ya sami busasshiyar ƙwarya ya kama ta kamun tsakani da Allah.

Ya sa wuƙa, ya zuba ruwan zafi, ya yi bisimilla ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi. Ko motsi. A nan mai hankali zai tsaya ya nemi dattijon da zai ba da haƙuri. Shi kuwa ya ƙare wa ƙwaryar kallo, ya ce tun da ta ƙi fita, ai ta zaɓi zama ke nan. Ya ɗauko zarto ya huda gindinta daidai faɗin lasifika. Na yi kuka ranar, kukan baƙin ciki sosai, na kuma zage shi zagin da ya wuce na wasan taubasai.

"Ki rufa mini asiri," ya ce. "In Inna ta ji sautin nan, wallahi da kanta za ta sa albarka."

Na ce ba zan faɗa ba, ba kuma zan ɓoye ba. Abin da nake so kawai ya ba ni wuri a mota ranar da za a ɗauko Goggo.

Ya shafe ƙwaryar da koren fenti ya ɗaure ta da ƙusa a gefen fasinja, daidai kunne. Ɗaya gefen ya sa wata ƴar ƙwaryar kasuwa, ita ma ya binne ta cikin faiba, sai motar ta tashi da kunne ɗaya babba ɗaya ƙarami. Gaskiya kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ƙwaryar ta yi sauti. In ya sa kaset ɗin goge, tun daga bakin gari ake sanin ya shigo. Direbobin tasha suka yi ta leƙe suna cewa aikin Turawa ne, shi kuma yana susa yana gyaɗa kai. Ragayar kuwa ya rataya mata wata sabuwar ƙwarya da ya shafe da manja, wai don ta yi kama da tsohuwa.

Ranar kasuwar Gwaram muka wuce Fagam. Goggo ba ta taɓa shiga gidan gaba ba, sai da ƙanwarta ta lallashe ta, ta kuma ce lallai in zauna a tsakani. Ta zauna jikin ƙofa ta ja mayafi, ƙwaryarta na saitin kunnenta. Muna hawa hanya ya danna kaset. Goge ya cika motar, shi kuma yana tuƙi yana satar kallonta ta wutsiyar ido, baki har kunne.

Muka faɗa wani rami, Goggo ta ɗaga hannu tana neman abin riƙewa, tafinta ya sauka a kan koren tudun nan. Ban ga ta ɗauke shi ba. Yatsanta ya yi ta lalube har ya sami wani layi mai tudu a ƙarƙashin fenti, ya bi shi daga baki zuwa ƙarshensa, ya dawo, ya sake bi. Faiba ta rufe jan bayan, ta rufe komai, amma ba ta iya shafe ɗinkin gyartai ba. Na yi da-na-sanin zuwa kallo.

Shi gogan ya ɗauka sha'awar aikin take yi. Ya zungure ni da gwiwar hannu. "Tambaye ta, ya ta ji?"

Na buɗe baki zan isar da saƙo, sai Goggo ta dafa cinyata. Ta sunkuyo ta gabana, ta yaye mayafi, ta dube shi ido cikin ido.

"Kashe," ta ce.

Tun yana cikin zanin goyo yake jiran ta yi masa magana da bakinta, ga abin da ya samu. Ya miƙa hannu ya kashe. Daga nan har Birnin Kudu ba abin da ake ji sai injin, ita kuwa yatsanta na kan ɗinkin, ba ta yi kuka ba.

A ƙofar gida ya zagayo da gudu ya buɗe mata ƙofa, ya durƙusa a ƙasa yana "Inna, Inna." Ta sauko a hankali, ta gyara mayafinta, ta dube ni kamar ba kowa a wurin.

"Ki gaya wa wancan an gode."