Fassarar Tjitske

A layinsu a garin Harlingen kowa ya san ba a buga wa Tjitske waya ranar Lahadi da la'asar, lokacin fim ne. Ta tsufa tana ɗinkin labule a bakin tashar jiragen ruwa, kuma ba abin da ke shiga ranta irin finafinan kisan kai na Denmak, waɗanda ake rubuta fassararsu a ƙasan allo. Takan ce fim ɗin yarenku kana guga kana kallo, amma wannan, ka ƙifta ido an kashe mutum ba ka san dalili ba. Ga 'yan sandansu ba fara'a, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, kamar dai gida.

Da ciwon suga ya cinye idon mijinta Wiebe, sai ta koma karanta masa fassarar da ƙarfi. Tsohon ma'aikacin jirgin ruwa ne, ya sha zuwa Denmak, amma kullum cewa yake abin da ya tsinta a yarensu zagi ne da neman giya.

Bara nata idon ya fara hazo. Tana ganin fuska, rubutu kuwa ya koma farin zare. Ta ja bakinta ta yi shiru, don 'yarsu Marrit ta riga ta yanke hukunci: ranar da idon Mama ya gaza sai gidan tsofaffi, kuma ba lallai a ba su ɗaki ɗaya ba. Wannan rabuwar Tjitske take tsoro fiye da makanta. Sai ta shiga ƙirƙira. Ta dubi ɗan sanda ta sa masa magana a baki, ta rataya kisa a wuyan duk wanda idonsa bai yi mata ba. Wiebe na gyaɗa kai yana kurɓar kofi.

Wata Lahadi, ana tsakiyar fim, sai ga Marrit ba sanarwa, riƙe da kek ɗin tuffa. Ta zube a kujera ta cire takalmi.

"Bari mu kashe, mun yi baƙuwa," in ji Tjitske.

"Ni ce baƙuwar? Ci gaba, Mama, na yi kewar karatun nan naki."

Tjitske ta ƙura wa talabijin ido. A allo, 'yar sanda ta tsare wani mai gemu tana zuba magana. Farin zaren ya fito, ya ɓace, wani ya fito. Tjitske ta buɗe baki, ba abin da ya zo. Marrit ta dubi allo, ta dubi uwarta, ta ajiye cokali.

"Mama?"

"Dakata, tsohuwa, kar ki faɗa!" Wiebe ya ɗaga hannu. "Yau caca za mu yi. Na ce tambayarsa take ina ya kwana ranar Talata."

Marrit ta zaro ido. "Kai, Baba! Haka ta ce!"

"Shi kuma ya ce a gidan uwarsa."

"Ka faɗi. Gidan ƙanwarsa."

"To alƙaliya, karanto mana mu ji."

Haka ya mayar da abin wasa. Ya ci ɗaya, ya faɗi biyu, Marrit na karantawa tana yi masa tsiya, har lokacin jirgin ƙasanta ya yi fim bai ƙare ba. Tjitske dai kofinta ya huce a hannu.

Da ƙofa ta rufe, Tjitske ta zo ta tsaya a kan Wiebe. Kunya da haushi suka haɗe mata.

"Zagi da neman giya, ko?"

"Rabin rayuwata ina sauke kifi a tasharsu, Tjitske. Ko kurma ne ai ya tsinci wani abu."

"Ke nan tun bara kana jin ƙaryar da nake shirga maka?"

"Tsaf. Makon jiya kin kama malamin makaranta, bawan Allah ko kusa da gawar bai je ba."

"Ka zuba min ido ina shirme!"

"Wane idon?" Ya lalubo hannunta ya riƙe. "In na yi magana za ki daina. Gobe mu je wurin likita, ke ki ja ni, ni in yi bayani. Marrit kuma ki bar ni da ita."

Ta zauna kusa da shi tana share hawaye.

"Kunna mana," ya ce. "Ina so in ji wa za ki kama yau."