Habu Teku da Injin Kumfarsa

Duk wanda ya taɓa zuwa gaishe da Malam Habu da safe a gidansa na Gyadi-Gyadi ya san ba a fara gaisawa sai an shinshina kofi. Kana sallama zai amsa daga durƙushe, kansa a cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin tankin kifinsa, ya murɗo wani ɗan kofin roba mai baƙin ruwa, ya kai hanci, ya lumshe ido, sannan ya miƙo maka. Warin abin nan, Allah na tuba, ko kwatamin bayan layi da damina albarka. In ka yamutsa fuska sai ya ji daɗi, ya ce ai dattin da ya fito ke nan, da yana ciki da kifi ne za su sha. Sai bayan nan zai tambaye ka iyali.

Ni Lawan taubashinsa ne, ɗan kawunsa. Ya girme ni da shekara goma sha biyu, amma wasan da ke tsakaninmu ya ba ni damar faɗa masa duk abin da ya zo bakina, kuma ni na laƙaba masa Habu Teku. Ya daɗe yana aikin akawu a tashar jiragen ruwa a Legas. Da ya yi ritaya, sai ya dawo mana da akwatin gilashi mai tsawon gado, da buhunan wani gishiri na musamman, da niyyar kafa teku a falonsa. A Kano fa, inda iyakar ruwan da muka sani dam ɗin Tiga ne. Na ce masa kifin da ba a soyawa ɓata ruwa ne kawai. Da yake yadi nake sayarwa a Kwari, sai ya ce shi ya sa Allah bai ba ɗan kasuwa teku ba, da tuni ya yanka ta yadi biyar-biyar.

Kifayen guda bakwai ne, masu kala kamar an yi musu rini, amma ba su ne ransa ba. Ransa murjani ne. Mu dai murjani a wuyan mata muka san shi, jan dutse a zare. Habu ya dage cewa dabba ce mai rai, tana ci, tana girma, tana fushi. Har matarsa, Hajiya Rabi, ta ce in dai wannan dutsen dabba ne to ita ma turminta saniya ce. Wata rana da la'asar ya saki labule, ya kunna wata shuɗiyar fitila, ya ɗiga abinci a ruwan, ya ce in zauna in rufe bakina sau ɗaya a rayuwata. Ina kallo dutsen nan ya fara buɗewa. Wasu ƙananan hannuwa, ɗaruruwa, kore mai haske, suka fito suna kaɗawa a hankali suna kama abincin suna kaiwa baki. Na daɗe ina tasbihi kafin na lura hulata tana hannuna. Ya ce yana kamar ɗan yatsa ya zo da shi, ga shi a shekara tara ya kai faɗin faranti.

Saboda murjanin nan Habu ya sayar da motarsa ya sa sola. Da bazara fanka ɗaya ce a falon, ita ma ruwan take kallo, shi yana gefe yana gumi yana fifita da jarida.

Kofin da muke shinshinawa kuwa na wani inji ne da yake kira sikima. Yadda ya fahimtar da ni, aikinta aikin mace ne a kan tukunyar nama: tana busa iska cikin ruwan ya yi kumfa, dattin ya manne a kumfar ya taso, a yaɗe shi zuwa kofi. Kafin ya sayi wadda kuka sani, wata uku ya yi yana lissafi. Ya auna ruwan tankin da jarka, har da na wani ƙaramin tanki da ke cikin kabad ɗin, ya cire gurbin da duwatsu suka cinye, ya ƙirga kifi, ya ƙirga sau nawa suke ci a rana. Ya ce lambar da aka rubuta a kwali alkawarin tela ce, ana ji ne a rage. Ni kuwa na ce ya daina wahalar da kansa, ya sayi babba ya huta, ai ko yaro aka ɗinka wa riga ana sakin ta ne ya girma a ciki.

"Lawan, teku ba ta sa babbar riga," in ji shi. "Bakin masu ci ake dubawa kafin a ɗora tukunya."

Da 'yar sikimar ta iso daga Legas, tsayinta bai fi na filas ɗin shayi ba. Na yi masa dariya har na ƙware.

Kuma injin nan yana da saurin fushi kamar mai shi. Hannu mai man shafawa bai isa ya taɓa ruwan ba, kumfar sai ta kwanta. Turare kuwa haramun ne a falon. Ranar kamun 'yarsa ta fari, wata gwaggo da ba ta san doka ba ta shigo da kaskon turaren wuta ta dire a tsakiyar ɗaki. Kafin a ankara sikima ta haukace, kumfa tana ambaliya har kan kafet. Habu ya ratsa taron mata da babbar rigarsa, ya ɗauki kaskon da hannu biyu ya kai shi bakin titi. Hajiya Rabi ta bi shi tana cewa ya ji tsoron Allah, bikin 'yarsa ne fa. Ya ce mata amarya tana da wani gidan da za ta je, su kuwa waɗannan ba su da wata tekun.

To, ga inda na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Bara ciwo ya kwantar da shi a asibiti kusan wata biyu, ya bar mini mukulli da dokoki a takarda. Na bi su tsaf. Amma kullum in na durƙusa na ga 'yar sikimar nan ta tsufa tana ƙara, sai zuciyata ta ce ga damar da zan faranta masa. Na sa aka kawo mini mafi girma da za ta iya shiga kabad ɗin, wadda kwalinta ya ce ta isa tanki huɗu irin nasa. Na cire tsohuwar, na jona sabuwa, ina ta yaba wa kaina. Kwanakin farko ta cika kofi sau biyu. Daga nan sai ta tsaya, kumfa ta taso ta faɗi, kofi a bushe, ruwa garau kamar babu shi. Na ce madalla, datti ya ƙare. Ban kula ba murjani yana ta kodewa, kore ya koma fari-fari, hannuwan nan sun daina fitowa.

Ranar da aka ba shi hutun kwana biyu ya zo gida, ni na riƙe shi muka shiga falo. Bai ko zauna ba. Ya dubi murjanin, ya dubi kabad ɗin, ya dube ni. Na shirya jin zagin da ban taɓa ji ba, amma muryarsa a sanyaye ta fito.

"Ka share musu gida har da tukunyar tuwo, Lawan. Wani dattin abincin murjani ne."

Ya sa na mayar da tsohuwar a take, yana zaune yana nuna mini da sanda. Ya ƙara wa kifin abinci kaɗan-kaɗan. Da kwana biyun suka cika ya ce ba inda za shi sai ya ga abin da hali ya yi. Likita ya kira, 'ya'ya suka roƙa, ni har kuka na yi masa, na ce kar ya ɗora mini alhakin ransa a kan dutse. Ya ce ba dutse ba ne, kuma shi ya rabo shi da gidansu ya kawo shi Gyadi-Gyadi, in ya mutu da yunwa shi za a tambaya. Hajiya Rabi ta tambaye shi me ya sami murjanin, ya ce mata zafi ne. Bai taɓa faɗa wa kowa ni ne ba, yau ni nake faɗa muku da bakina.

Kwana goma sha tara ya yi a kujerar nan. Kullum ina zuwa daga Tarauni da sassafe, mu zauna mu zuba wa farin murjanin ido. Ran nan, wata Alhamis da hantsi, ya taɓa ni da sanda ya nuna can gefen murjanin. Wani ɗan kore ne, bai fi ƙwayar gero ba, da hannuwa uku ko huɗu suna motsi. Wallahi ban taɓa ganin abin da ya cika mini ido kamar ɗan koren nan ba. Habu ya daɗe yana kallo, leɓɓansa suna motsi, sannan ya share fuska da hannun riga.

"To, tare mana adaidaita sahu," ya ce. "Mu je likitoci su ƙarasa nasu aikin."

Kwana tara ya yi a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Likitan ya ce mini jinkirin bai canza komai ba, ciwon ya riga ya yi nisa. Ina so in yarda da shi, wasu ranakun kuma ina yarda. Murjanin yana nan a falon, ya dawo kore fiye da rabi, Hajiya Rabi ta hana a taɓa shi, ita ce ma yanzu take korar masu turare.

Allah ya jiƙan Habu, ya sa ya huta. Yadda ya rufa mini asiri, Allah ya rufa masa. Yadda ya ji tausayin abin da ba ya iya kuka ba ya iya godiya, Allah ya ji tausayinsa, ya yafe masa kurakuransa ko da sun kai yawan kumfar teku. Amin.