Dusar da Goggo ta kasa saye

Ana sallame sallar asuba muka bar Sakkwato, ni da wani abokina, a tsohuwar motarsa wadda ba ta tashi sai an tura. Tsamaye muka nufa, wurin goggona, ƙanwar mahaifina. Ta kira ni ne ta ce in zo in ga abin da wayarta take yi mata. Gyaran waya ne sana'ata, sai na ɗauka lasifika ce ta mutu, na zuba kayan aiki a aljihu.

Daga Goronyo hira ta ɗauke mana. Tsakiyar damina ake, amma gero ya tsaya iya gwiwa, ganyensa ya nannaɗe, wasu gonakin ma an bar su ba noma. Shanun da muka yi ta wucewa a gefen hanya, kana iya ƙirga haƙarƙarinsu daga cikin mota. A kowane shinge jami'an tsaro sai sun leƙo sun tambayi inda za mu, su kuma ja mana kunne kada la'asar ta same mu a hanya.

A Sabon Birni muka karya da fura. Nonon ya sha ruwa har abokina ya tambayi mai furar ko a gulbi aka tatso shi. Ta ce ai gulbin ma bana ba shi da na bayarwa. Mun zaga kasuwa kaɗan. Damin harawa ya fi zakara tsada, tunkiya kuwa ta faɗi warwas, don kowa so yake ya rabu da tasa kafin ta mutu a hannunsa.

Goggo ta makance ne bayan ta manyanta, amma ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Kiwon tumaki take yi, da shi take ci take sha, kuma kowace tunkiya ta san ta da shafa. Bara na kunna mata muryar nan da ke karanta abin da ke fuskar waya. Muryar tana karanta Hausa kamar Baturen da ya kwana biyu a Kano, amma Goggo ta saba da ita. Da kanta take tura kuɗi, da kanta take sayen kati.

Ko ruwa ba mu gama sha ba ta ce, "Ɗana, zamna ka ji abin da munka gani."

Ashe wani kamfanin abincin dabbobi ne ya yi shela a rediyo cewa saboda fari ya karya farashin dusa, amma sai ta shafinsa na intanet za a saya, a je ma'ajiyarsa ta Isa a ɗauka. Goggo ta buɗe shafin a gabana, tana jan yatsa a kan gilashin. Wayar ta ce "botin", wato maɓallin dannawa. Ta sake ja, ta ce "botin". Ta sake, "hoto". Babu botin ɗaya da aka raɗa wa suna, balle ta san wanne ne na saye, wanne ne na fita. Farashin ma a cikin hoto aka rubuta shi, muryar kuwa ba ta karanta hoto.

Na ce, "Goggo, ba ki sa wani ya taya ki ba?"

Ta ce, "In ba wa wa lambar sirrina ta banki? Duk abin da ni mallaka yana ciki. Na ce bari in jira ɗana."

Na karɓa na gwada da idona biyu. Kafin a biya, sai shafin ya ce in zaɓi hotunan da ke da fitilar ba da hannu, wai don a tabbatar ni mutum ne. A Tsamaye! Sau biyu ina faɗuwa. Da na haye, sai ga jan rubutu: kason wannan yanki ya ƙare. Duk kwanakin da Goggo ta yi tana fama da "botin, botin", masu ido suna ta kwashewa.

Washegari ta ce ƙafarta ƙafarmu zuwa Isa. Ta sa aka ɗora mana tumaki biyu a bayan mota, ɗaya da ciki, ta ce ko da za a buƙata. Hanyar ta farfashe, motar tana tsalle, tumakin suna kuka, abokina yana ba su haƙuri kamar fasinjoji. Goggo ba ta yi dariya ba.

Ma'ajiyar cike take da buhuna har rufi, warin dusa ya cika wurin. Manajan saurayi ne mai ladabi, ya ba Goggo kujera. Ya ce duk an biya kuɗinsu ta shafi, ba shi da ikon sayar da ko mudu. Muna tsaye muna kallon 'yan kasuwa suna loda su a amalanke, ana tsallakawa da su kasuwa.

Ya ce, "Inna, ai da kin sa wani yaro ya danna miki."

Goggo ta juya fuskarta wajen muryarsa. "Ɗan nan, kuɗina makaho ne? In na zo shagonka da ƙafata, cewa za ka yi in koma in aiko mai ido? Ni ba sadaka ni zo nema ba. Saye ni zo yi."

Ya sunkuyar da kai, ya ce ba su suka yi shafin ba, daga babban ofis ne, amma zai faɗa. A bakin ƙofa kuma muka tarar da wani kurma mai awaki, ɗan'uwansa yana yi mana bayani. Shi kurman ya ci jarrabawar hotunan, ya yi odarsa. Sai kamfanin ya kira shi a waya don ya tabbatar da baki. Da aka ji shiru, aka soke. Ba su tanadi saƙon rubutu ba ko ɗaya.

A nan raina ya gama ɓaci. Rangwamen da aka yi don masu ƙaramin ƙarfi, an ɗora shi inda masu ƙaramin ƙarfin ba za su kai ba, kuma ba wanda zai ce shi ya kore su.

Muka shiga kasuwar Isa. Buhunan nan dai, da tambarin kamfanin a jiki, sun kusa ninka kuɗinsu. Na ce za ni cika mata, ta ƙi. Ta sayar da tumakin biyu a wulaƙantaccen farashin da ko a mafarki ba ta taɓa ji ba, don ta ciyar da sauran. Da dillali ya zo jan mai cikin, sai ta riƙe igiyar, ta shafa bayanta tun daga wuya har gindi, ta daɗe, sannan ta saki. Mun ci tsire a tashar mota, amma ni ban ji ɗanɗanonsa ba.

Mun mayar da ita gida da dusarta, muka kwana, da safe muka kamo hanyar Sakkwato. Da isowata na nuna wa wani mai haɗa shafukan intanet abin. Ya ce raɗa wa botin suna, da rubuta farashi da haruffa, da ba mutum zaɓi tsakanin kira da saƙo, ba wani aiki ba ne, tunawa ce kawai ba a yi. Wannan amsar ta fi ƙona mini rai. Da abu ne mai wuya, da na yi musu uzuri.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, shafi ma ƙofar shago ce, kuma ana iya rufe ta a fuskar mutum ba tare da an ji ƙararta ba. Ku 'yan'uwana masu sayar da kaya ta intanet, yau ku kunna muryar nan a wayoyinku, ku rufe ido, ku gwada sayen abu ɗaya a shagonku. In kun kasa, to ku sani akwai wanda ya zo da kuɗinsa kuka kore shi, ba ku ma san ya zo ba.