Kwalbar da Gara ta Cinye Sunanta

Jiya ina miyar yakuwa na jefa 'yar kanwa, kumfa ta taso tana shuu. Na daɗe tsaye da ludayi a hannu, don sautin ya mayar da ni ajinmu na sakandare a ƙauye, can arewa da Watari.

Da damina ajin kimiyya watsewa yake yi. Mu tara ne, amma in gero ya isa noma kowa sai ya bi iyayensa gona. Ni kakata ce ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata, gonarmu kuwa ba ta wuce bayan gida ba, don haka ba na fashi. Wata Laraba na iske malamin kemistri shi kaɗai a ɗakin gwaji, tsoho mai farin gemu, yana juya wata kwalba mai farin gari a ciki. Ɗakin na warin jemage da jiƙaƙƙen katako.

"Gara ta cinye takardar sunan," in ji shi. "Na san kabonet ne, amma wanne? Ga jarrabawa ta matso, kuma ba mu da wani. Zo ki tambaye shi."

Na auna farin garin, na zuba masa asid, na toshe. Iskar da ta fito ta riƙa tura sirinji a hankali har ta tsaya. Na karanta yawanta, na duba ma'aunin zafi a bango, Malam ya ba ni matsin iskar ɗakin. Da dokar gas na fitar da nauyin sinadarin: ɗari da uku. Na alli ɗari ne, na dangin kanwa ɗari da shida. Na faɗa tsakiya.

Idona ya ciko. Malam ya nuna min bakin toshiyar: danna ta da na yi ya tura ƙarin iska cikin sirinjin. Sai da na sake sau uku, ruwa na dukan kwano, babu kowa a makarantar sai mu biyu, kafin lissafin ya tsaya kusa da ɗari da shida. Ya miƙo min alƙalami. "Ke kika gano, ke za ki rubuta."

Da gudu na koma gida. Kakata na tsinkar zogale, ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Madalla. Awakin nan ba su sha ruwa ba." Ba ta yi don ta gwale ni ba. A duk gidan babu wanda zan yi wa bayanin abin da ya faru da ni ranar.

Malam ya yi ritaya a shekarar, ya koma garinsu, ban taɓa tambayar sunan garin ba. Yau a inda nake aiki a Kano na'ura ke faɗin sunan sinadari kafin shayi ya huce. Kakata ta rasu, ɗakin gwajin an mai da shi sito. Na taɓa leƙawa ta taga, na ga buhunan taki har rufi, na rasa wanda zan tambaya ina aka kai kwalaben.