Shekarar da Cikina Ya Kusa Raba Ni da Aikin Malanta

Shekarun baya, tun muna cikin jihar Sakkwato, ina koyarwa a wata firamare kusa da Wara, cikina ya ɗaura yaƙi da ni. Da hantsi sai ya kumbura kamar an hura salka, ya riƙa ƙugi har 'yan bencin gaba su ji. Daga nan sai murɗa, sai gudu bayan gida. Akwai ranar da na fita aji sau huɗu kafin tara ta yi. Yara ba su taɓa yin dariya a gabana ba, amma na san suna yi da na juya baya.

Wata uku ina haka, wandona ya fara zamewa. Hedimastanmu, dattijo ne mai haƙuri, ya kira ni ofis ya ce, "Malam, iyaye sun fara magana. Ka nemi magani, in ba haka ba dole in rubuta sama."

Na hau mota zuwa wani asibiti a Yelwa. Tun safe nake kan layi, sai bayan azahar na shiga wurin likita. Na tsara bayanina tun a hanya, amma ban kai rabi ba ya fara rubutu.

"Ulsa ce," in ji shi. "Kana da aure?"

Na ce a'a.

"To tunani ne ya yi maka yawa. Ku samari haka kuke. Ka bar yaji, ka riƙa shan madara da nono."

Na ce, "Likita, har da zawo fa."

Ya miƙo mini katin magani, ya ce a turo na gaba.

Ni kuwa dama mayen fura da nono ne. Jin likita ya ce in ƙara, sai na ɗauka an yi mini gata. Inna, mahaifiyata, wadda muke zaune tare, ta sa wata Bafulatana ta riƙa kawo mana kindirmo kullum. Safe fura, rana fura, ga madarar gwangwani a shayi. Ciwo ya ci gaba da abinsa, har ya fi da.

Na koma bayan wata guda. Likitan nan dai na tarar. Da na ce abin ƙaruwa yake yi, sai ya yi ɗan murmushi ya ce wa nas ɗin da ke gefensa, "Malaman makaranta ke nan, sun fi likita sanin ciwo." Ya sake rubuta mini farin maganin ruwan nan mai ɗanɗanon alli. Wallahi a mota ina dawowa na fara zargin kaina. Na ce ko dai raki ne kawai gare ni? Na dawo gida na rubuta takardar barin aiki, na sa cikin littafi, na ce in an dawo hutu zan miƙa.

Da aka ba da hutu, kawuna, masunci ne a wata tunga can tsakiyar ruwan Kainji, ya aiko a kai ni in sha iska. Kwalekwale ya kai ni. Tungar ba shanu, ba mai tallan nono, sai tuwon shinkafa da kifi safe da yamma. Kwana huɗu cikina ya yi tsit. Mako uku na yi, har ina taya su jan taru. Na ce lallai likita ya yi gaskiya, hutu nake bukata.

Ranar da na dawo, Inna ta tarbe ni da ƙwarya cike da furar da ta sha kindirmo. Na shanye tas. Ko awa biyu ba a yi ba na ɗauki buta.

Da na fito, ta dube ni ta ce, "Kai, can wurin kawunka mi kaka ci?"

Na lissafa mata.

"Nono hwa?"

"Babu, Inna."

Sai ta ce, "To daga yau ba ka ƙara sha nai, mu gani."

Na ce, "Inna, likita ne fa ya ce in sha."

"Likitan na kwana gidan ga? Ni ka ganin sawunka zuwa bayan ɗaki."

Kwana goma ban taɓa nono ba, lafiya lau. Don taurin kai na saci jiki na sha a kasuwar Wara, ban iso gida da mutuncina cikakke ba. Daga nan na sallama. Takardar barin aiki na yayyaga ta, na yi shekara talatin da ɗoriya ina koyarwa.

Har yau ba wanda ya zaunar da ni ya gaya mini sunan abin, kuma ban ce kowane mai ciwon ciki nono ne matsalarsa ba. Asibiti ma ban daina zuwa ba, na haɗu da likitoci masu saurare da yawa. Abin da na koya kawai, in jikina ya faɗa mini abu, ba na barin wani ya sa ni jin kunyar maimaita shi.

Wadda abin ya tsaya wa a rai ita ce Inna. Har ta tsufa, in zancen ya taso, sai ta girgiza kai ta ce, "Wata huɗu ina dama ma ɗana ciwo da hannuna, ina ce mishi ya daure ya shanye." Allah Ya jiƙan ta.