Ranar da aka saita oba-obar Baba

Ina aji biyu na sakandare aka saka wa motar aikin Baba oba-oba, wato rediyon magana da abokan aiki. Direba ne a wajen ma'aikatan ruwa na Tiga. Wani saurayi ya zo daga Kano da kwamfuta, ya ɗora ta a kan teburin gugar Inna a ƙofar gida, ya ja waya zuwa cikin mota don ya saita tashoshi. An ce in ba ta yi aiki ba a ranar, za a cire ta a ba wani direba.

Da ya gama danne-dannensa ya ce, "Baba, kira ofishin Doguwa mu ji."

Baba ya ɗauki abin magana, ya danna maɓalli ya yi sallama. "Ina wuni? Ina gajiya? Ya iyali?" Shiru. Saurayin ya sake saiti, idonsa na kan kwamfuta. Baba ya sake gaisuwa, har da tambayar damina. Shiru dai. Saurayin ya koma kan saiti karo na uku.

Ina tsaye da butar shayi na lura babban yatsan Baba bai taɓa sakin maɓallin ba, alhali ɗazu an nuna masa sai an saki ake jin amsa. Kunya ta hana ni magana a gaban baƙo.

Sai ga liman ya zo wucewa. Baba ya ajiye abin maganar a cinya, ya miƙa masa hannu biyu. Nan take murya ta fito daga mota: "Lafiya lau, Malam, damina alhamdu lillahi. Tun ɗazu nake amsawa."

Saurayin ya naɗe wayarsa yana cewa da ma ya san saiti na uku ne zai kama. Baba ya sallame shi da soyayyen kifi.