Firjin da ya fi kowa zuwa biki a Mtendere

Shekara goma sha ɗaya shagon ɗinkina yana jingine da ɗakin ajiyar Esnart Sakala, don haka in ana maganarta a bar ni in yi, sauran duk ji suka yi. Amake Tisa muke ce mata, wato uwar Tisa, da sunan 'yarta ta fari. Sana'arta ba da hayar kayan bikin kicin, wanda mata ke yi wa amarya kafin aure: kujeru, manyan tukwane, murhu mai kai huɗu, sai kuma firjin nan.

Ai kun san yadda abin ya koma tun da aka fara shirin amare na ranar Lahadi a talabijin. Da can mata su taru, a buga ganga, kowacce ta fito da rawa ta miƙa wa amarya muciya ko faranti, ta gaya mata amfaninsa, a ci a watse. Da masu kyamara suka shigo Lusaka da wannan shiri, sai ya zama duk bikin da ba a ga firji tsaye a bayan amarya ba, to, ba za a nuna shi ba. Su wa ke da kuɗin firji a unguwarmu ta Mtendere? Sai a zo wurin Amake Tisa a asirce. Ranar Asabar firji ya tafi biki, kafin Litinin ya dawo gida.

Dogo ne, mai ƙofa biyu, kuma yana da wata lotsawa a gefen hagu. Kullum ita da kanta take ɗaura masa jan ƙyalle mai faɗi, ta yi masa kulli kamar fure daidai kan lotsawar. Ba a taɓa jona shi da wuta ba ko sau ɗaya, wai kada cikinsa ya yi warin abinci asiri ya tonu. Ni kuwa duk Lahadi in na hango shi a talabijin sai in buga bango in ce, Amake Tisa, ga ɗanki can ya sake aure.

Wata Lahadi ba ta yi dariya ba. Yarinyar da ke taya ta wanke tukwane ce ta tsaya gaban talabijin tana hawaye, wai ita ba za ta taɓa samun irin wannan gata ba. Firjin da take kuka a kansa yana bayan bango, da hannunta ta goge shi da safe. Abin ya tsaya wa Amake Tisa a rai. Ta ce mini sai ta gano yadda akwatin talabijin ke sa mutum ya raina abin da ke hannunsa, ya yi kuka kan abin da ya san na aro ne.

Na ɗauka zance ne. Ashe matar nan da ta bar makaranta tun rasuwar mahaifinta ta koma ta zauna jarrabawa da sa'o'in 'ya'yanta. Ta faɗi lissafi, ta sake. Tana da shekara hamsin da 'yan kai ta shiga karatun nesa a jami'a, fannin zamantakewar al'umma. Da tabarau a kan hanci take karɓar masu haya, littafi a cinya. Na yi mata tsiya har na gaji, na ce ko digirin ma hayarsa za ta riƙa bayarwa. Ta ce in ci gaba da taka keke, ranar da ta gama ni zan ɗinka rigar.

A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya yi bincike. Nata a kan shirin amare ne: abin da kyamara ke tsayawa a kai, da abin da take wucewa. Ta nuna cewa an fi daɗewa a kan kaya fiye da fuskar amarya, kuma tsofaffin da ke yi wa amarya nasiha ko muryarsu ba a sawa. Malaminta, Dokta Hamoonga, ya yaba, amma ya ce da sauran aiki. Kallo kaɗai ba bincike ba ne. Sai ta kawo muryar matan da suka yi hayar, da bakinsu, da yardarsu. In ba haka ba aikin ba zai wuce ba, kuma ƙa'ida ba ta ba ta wata shekarar ba.

To fa. Ita ta san su duka, gida gida, amma sana'arta kacokan rufin asiri ce. Ta ce ba za ta rubuta ko kalma ɗaya ba sai wadda aka ba ta.

Haka ta shiga bin gidaje. Wata ta ba ta kujera da ruwa, ta rantse firjin 'yarta saye suka yi, alhali Amake Tisa ce ta ɗaura masa ƙyalle. Wata ta leƙo ta taga ta ce ba ta nan. Bana Chanda, wato uwar Chanda, tsohuwar da ke jagorantar masu ganga, kuma babu bikin da ake yi ba ita, ta ce mata boko ya taɓa mata kai. Ni abin ya ba ni haushi ƙwarai, na ce ta rubuta sunayensu kawai, munafukai. Ta dube ni ta ce amana ce. Washegari ta sake ɗaura zani ta fita, ta dawo ƙafa duk jar ƙasa, ba murya ko ɗaya.

Ana cikin haka bikin Tisa ya taso. Kuma Tisa, wadda ta girma tana wasan ɓuya a bayan firjin nan, ta ce ita ma sai an tsayar mata da shi, kuma sai masu kyamara sun zo. Ina shago na ji su.

"Ke da kika san ko wuta bai taɓa gani ba?" in ji uwar.

"Mama, kowa ya sani. Wa kike tsammani bai sani ba? Amma ba ni za a fara nunawa da yatsa ba."

Da yamma Amake Tisa ta shigo ta zauna kan tulin yaduka. Ta ce shekara huɗu tana zaton yaudarar mata ake yi, ashe babu wadda aka yaudara, kowa tsoron zama ta farko take ji. Ta ce wannan shi ne amsar bincikenta, ga shi daga bakin 'yarta, amma ba za ta sa 'yarta a takarda ba. Na tambaye ta firjin fa. Ta ce za ta ba ta, bikinta ne.

Safiyar bikin na ga ta ɗaura jan ƙyallen a hankali, ta gyara kullin ya rufe lotsawar tsaf. Saura mako biyu wa'adinta ya cika. Tisa na tsaye a ƙofa tana kallonta.

Zaure ya cika, ganga na tashi, an lulluɓe amarya an zaunar, kanta a ƙasa kamar yadda aka saba. Aka buɗe ta, aka zo kwance kyaututtuka. Kowace amarya a Mtendere ta san jan ƙyallen nan ba a taɓa shi, shafa ƙofar ake yi a yi murmushi a wuce. Tisa ta tsaya gaban firjin, mai kyamara ya matso. Sai ta kama bakin kullin ta ja.

Ƙyalle ya zube. Lotsawa ta fito fili. Ganga ta tsaya cak.

Bana Chanda ce ta fara tuntsirewa da dariya. Ta ce, "Wannan lotsawar ƙanin mijina ne ya yi ta, ranar bikin Chanda, wajen sauke shi daga mota. Sakarai, ya sha ya yi tatul."

Ta buga gangarta, ta taso da rawa ta dafa wurin. Wata ta biyo ta tana cewa firjin ita ma ɗanta ne, a gidanta ya kwana. Kafin ka ce me, rabin zauren na layi, ana rawa ana dafa lotsawa ana guɗa. Ban taɓa ganin biki mai daɗin wannan ba. Amake Tisa na zaune, hawaye na bin tabarau.

Ranar Lahadi duk unguwa aka zauna gaban talabijin. Aka nuna firji da jan ƙyallensa, aka nuna Tisa na murmushi, aka wuce wani bikin. Rawar nan duka an yanke ta.

Wallahi ban taɓa ganin matan Mtendere sun fusata haka ba. Asirin bai dame su ba, rawarsu da aka yanke ce ta ƙona musu rai. Da sassafe Bana Chanda ta iso da mata a bayanta, ta ce wa Amake Tisa ta kunna abin ɗaukar maganar nan, kuma ta rubuta sunanta daidai. Kwana uku ana layi, har kujerun shagona aka kwashe.

Aikin ya wuce, kuma ni na ɗinka rigar da ta sa a ƙarƙashin ta jami'a ranar yaye su. Firji kuwa ya mutu a kasuwa, don babu mai hayar abin da kowa ya dafa. Wasu sun koma haya a unguwar Kalingalinga, shirin ma har gobe ana yi. Na ce mata ta ga abin da boko ya jawo mata. Ta ce tukwane da kujeru sun ishe ta.

Ranar da aka kai firjin gidan Tisa muna tare. Amake Tisa ta tambaye ta abin da ya sa ta ja ƙyallen. Tisa ta ce, "Na ga kin ɗaura shi da hannunki, ba ki roƙe ni komai ba."

Uwar ta ɗauko gorar ruwa ta sa a cikin firjin. Ta sunkuya ta jona wayar a bango, muka kasa kunne. Can sai ya ɗauki gurnani. Muka zauna muna jira, har ruwan ya yi sanyi, ta zuba a kofi ta miƙa wa 'yarta.